Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauyin Launin Man Giya a Mota Mai Otomatik

Da yawa daga cikin motocin hawa da ake shigowa da su ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano masu giyar otomatik ne, kuma sun riga sun ci doguwar tafiya a ƙasashen da suka fito kafin su iso hannun wanda ya saye su a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Mai mota yakan kula da baƙin mai domin kowane makanike yana tuna masa, amma man giya sai ya shekara da shekaru ba a ko zaro sandar awonsa ba, har sai ranar da mota ta fara fizga. Launin man shi ne shaida ta farko da ake samu a kan lafiyar giya, sai dai shaida ce guda ɗaya, kuma ba a yanke hukunci da ita sai an haɗa ta da warin man, da abin da ke yawo a cikinsa, da yadda motar ke tafiya a kan hanya.

Wane launi ya kamata man giya mai lafiya ya kasance?

Mafi yawan man giyar otomatik ja ne garau wanda haske ke ratsawa idan aka ɗiga shi a kan farar takarda. Jan ba launin man ba ne na asali. Rini ne kamfanoni ke zubawa domin a bambanta shi da baƙin mai da sauran ruwayen mota, musamman idan an ga yoyo a ƙasa. Wannan yana da muhimmanci, domin rinin yana iya kodewa ko ya yi duhu alhali man bai rasa ƙarfinsa ba.

Haka kuma ba kowane man giya ne ja ba. Man NS-2 da Nissan ke zubawa a giyar CVT, wato irin giyar otomatik mai aiki da bel ɗin ƙarfe, kore ne tun yana sabo, haka man Lifeguard 8 na kamfanin ZF da ake samu a giya mai hawa takwas ta motocin BMW da wasunsu. Mercedes ta koma amfani da shuɗin mai a giyarta mai hawa bakwai daga shekarar 2010, wasu mayukan kuma launin zuma gare su. Saboda haka kafin mutum ya tsorata da launin da ya gani, ya fara sanin launin da man motarsa ke da shi a cikin galan.

Yaya ake duba man yadda sakamakon zai zama abin dogaro?

A yawancin motoci ana fara tuƙa motar na kimanin minti goma sha biyar domin giya ta ɗauki zafin aikinta, sannan a tsaya a wuri mai shimfiɗe wanda ba gangare, a ja burkin hannu, a taka burki a bi da sandar giya ta kowane matsayi ana ɗan dakatawa a kowanne, a mayar da ita P, a bar injin yana aiki. Daga nan a zaro sandar awo a goge ta da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, a mayar da ita har ƙarshe, a sake zarowa a karanta. Motocin Honda masu sandar awo sun saɓa wa wannan tsari: a kansu ana kashe injin ne, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa. Littafin mota ne ke raba gardama a kan kowace mota.

Kada a duba launi a jikin sandar kanta, domin ƙarfe yana ɓoye duhun mai. A ɗiga shi a kan farar takarda mai tsotse ruwa, a ɗiga sabon mai irinsa a gefe idan akwai, a jira rabin minti. Mai mai lafiya yakan bazu da sauri ya bar tabo mai haske, wanda ya gaji kuwa yakan tsaya wuri ɗaya ya bar tabo mai duhu a tsakiya. Bayan haka a shinshina shi, a kuma murza ɗigo tsakanin yatsu a ji ko akwai tsakuwa-tsakuwa a ciki.

Motata ba ta da sandar awon man giya. Ke nan ba a canza shi?

Ana canzawa. Motoci da dama na bayan shekarar 2005, ciki har da Toyota Camry mai silinda shida ta 2007 zuwa sama, an ƙera su ba sandar awo, ana auna man ne ta wani noti da ke ƙarƙashin giya, motar tana ɗage a miƙe, injin yana aiki, man kuma yana kan wani zafi ƙayyadadde da ake karantawa da na'urar kwamfuta. A irin waɗannan Toyota zafin awon yana wajen digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma idan aka auna man ya fi haka zafi, zai kumbura ya zubo, a rufe giya da mai ƙasa da kima ba a sani ba. Wannan aiki ne na gareji mai kayan aiki.

Maganar cewa an zuba man ne don tsawon rayuwar mota ba ta kamata ta yaudari mai tsohuwar mota ba. Kamfanin ZF da kansa, wanda ke ƙera wa BMW giya, ya taɓa ba da shawarar canza mai tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko bayan shekara takwas. Motar da ta shigo hannu na biyu sau da yawa ta riga ta wuce wannan iyaka.

Man ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Giyar ta lalace ne?

A mafi yawan lokuta ba ta lalace ba. Zafi da iska suna sauya mai a hankali, faifan kulochin da ke cikin giya, wato faiba, suna sakin ɗan gari kaɗan duk lokacin da suka kama, waɗannan biyu kuma su ne ke duhunta mai. Man WS na Toyota ma ya yi suna wajen saurin yin duhu tun yana da sauran aiki. Idan man ruwan ƙasa ne amma haske yana ɗan ratsa shi, ba ya ƙauri, ba ɓurɓushi a cikinsa, giya kuma tana shiga lami lafiya, to abin da yake nunawa shi ne lokacin canji ya yi. Wannan ne ma lokaci mafi dacewa na canzawa, domin ana fitar da gajiyayyen mai ne tun bai yi ɓarna ba.

Idan ya yi baƙi ƙirin kuma yana ƙauri fa?

Ƙauri ya fi launi faɗar gaskiya. Idan man ya yi baƙi har ba a ganin takarda ta cikinsa, yana kuma warin abin da ya ƙone, to giya ta yi zafin da ya wuce kima, kuma akwai yiwuwar faiba sun fara ƙonewa. Fuskar faiba wata irin takarda ce ta musamman da aka manna a kan faifan ƙarfe. Idan matsin mai ya ragu ko man ya rasa ingancinsa, sai su riƙa sulɓewa maimakon su kama gam, sulɓewar ta haifar da zafi, zafin ya ƙara ƙona mai, ƙonannen man kuma ya ƙara sa su sulɓe. Da zarar an shiga wannan zagaye ba ya tsayawa da kansa.

Alamomin da ke tafe da shi sanannu ne: a taka totur injin ya yi ƙugi amma gudu bai ƙaru ba, a sa D ko R a jira daƙiƙa biyu ko uku kafin mota ta kama, ko giya ta shiga da duka. Idan baƙin launi da ƙauri sun haɗu da waɗannan, sabon mai ba zai mayar da fuskar faibar da ta cinye ba, kuma gara mai mota ya ji wannan tun farko da ya kashe kuɗin mai sau uku yana jiran abin da ba zai faru ba. Matakin da ya dace shi ne a kwance kaskon ƙasan giya a ga abin da ya taru a ciki, a sa kwamfuta a karanta lambobin matsala, sannan a yanke shawara tsakanin gyara da sauya giya. Idan kuwa man ya yi baƙi amma motar tana tafiya daidai, akwai sauran dama, kuma ana bin hanyar canji a hankali da za a yi bayani a ƙasa.

Me ke sa man ya ƙone tun lokacinsa bai yi ba?

Zafi ne a gaba da komai. An tsara man giya ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 95, kuma ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna aiki da ita ita ce duk ƙarin kimanin digiri 11 a kan digiri 80 yana rage kwanan mai da rabi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, motar da ke tsaye cikin cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne tana dafa man giyarta fiye da wadda ke gudu a buɗaɗɗiyar hanya. Ƙari a kan haka akwai lodin da ya wuce ƙa'ida, da jan wata mota, da ƙoƙarin fita daga yashi ko taɓo ta hanyar sauya D da R da sauri ana taka totur, wanda cikin 'yan mintuna yake iya ƙona giyar da ta shekara tana lafiya.

Akwai kuma abin da masu mota ba su cika lura da shi ba: a yawancin motoci man giya yana bi ta wani bututu da ke cikin lagireto domin ya huce. Saboda haka duk motar da injinta ke yawan zafi, ko fankarta ba ta tashi a kan lokaci, ko lagiretonta ya toshe da ƙura da tsatsa, giyarta ma tana shan wannan zafin. Duk wanda motarsa ta taɓa tafasa ya kamata ya duba man giya a wannan makon. Ƙarancin mai sakamakon yoyo da zuba man da ba na giyar ba su ma suna kai wa ga wannan ƙarshe.

Man ya koma ruwan hoda mai kauri, haske ba ya ratsa shi. Mece ce wannan?

Wannan ne launi ɗaya da ya wajaba a kashe mota nan take a kira janwe. Man da ya yi kama da madarar da aka zuba wa zoɓo ya gauraya da ruwa ne, ruwan kuma ta hanya biyu yake shiga. Ta farko ita ce fashewar bututun sanyaya man giya a cikin lagireto: yayin da injin ke aiki man giya yana kutsawa cikin ruwan lagireto, idan an kashe injin kuma matsin zafi ya tura ruwan cikin giya. Ana tabbatar da haka ta buɗe murfin lagireto bayan injin ya huce sarai. Idan aka ga mai yana yawo a saman ruwan ko wani kauri mai launin hoda a jikin murfin, an gano tushen matsalar. Motocin Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na shekarun 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna da wannan cuta a Amurka har kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonsu, kuma da yake irin waɗannan motoci suna cikin waɗanda ake shigowa da su, duk mai ɗaya daga cikinsu ya kamata ya tabbatar an sauya lagireton ko an raba hanyar man giya da shi.

Hanya ta biyu ita ce ruwan damina. Kowace giya tana da ƙaramar kafar shan iska a samanta, kuma idan mota ta kutsa ruwa mai zurfi da zazzafar giya, sanyin ruwan yana sa ta zuƙo shi ciki. Wanda ya ratsa ambaliya har ruwa ya kai ƙofofi ya duba man giya washegari ko da motar tana tafiya daidai.

Dalilin gaggawar shi ne ruwa yana narkar da gam ɗin da ya manne fuskar faiba, yana kumbura takardar, yana kuma sa tsatsa a sassan ƙarfe da ƙananan hanyoyin mai. Ruwa kaɗan ya isa. Idan an gano da wuri, kafin a yi tafiya mai nisa, ana sauya lagireto, a wanke bututun, a canza mai sau da yawa a jere har ya fito garau, wani lokaci giyar ta tsira. Idan an daɗe ana tafiya a haka, yawanci sai an buɗe ta. A nan ne nake ganin al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo zalla tana cutar da masu mota ƙwarai, domin ruwan sanyaya inji na gaskiya yana ɗauke da maganin tsatsa, ruwan zalla kuwa yana cin wannan siririn bututu daga waje har ya huda shi.

Na ga kumfa a jikin sandar awo.

Iska ce ta shiga man. Ko dai an cika shi fiye da kima har sassan da ke juyawa suna kaɗa shi, ko ya yi ƙasa har famfo yana zuƙo iska. Mai mai kumfa ba ya riƙe matsi, don haka a daidaita yawansa kafin a ci gaba da tafiya.

Makanike ya nuna mini ɓurɓushin ƙarfe a kaskon giya. Yaya zan san ko abin damuwa ne?

A cikin kaskon akwai maganaɗisu da aka sa domin ya kama garin ƙarfe, kuma samun laushin gari mai launin toka a jikinsa abu ne da aka saba gani a kowace giya da ta yi tafiya. Abin damuwa shi ne gutsattsarin da ake iya ji da yatsa ko a ɗauka da farce. Masu ƙyalli da maganaɗisu ke kamawa sun fito ne daga haƙoran giya ko boris, masu launin tagulla daga bushi da washa da ke tsakanin sassa, farare marasa kama maganaɗisu kuma alminiyam ne da ke nuna wani sashe yana gugar jikin giya ko cikin kwambata, wato gangar da ke isar da ƙarfin inji ga giya. Baƙin gari mai yawa da ya kwanta a ƙasan kasko fuskar faiba ce. Mai mota ya nemi a kwance kaskon a gabansa, ya kuma ɗauki hoton abin da aka gani.

An ce canza man tsohuwar giya yana kashe ta. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe, amma an ɗora laifin a inda ba shi ba. Yawancin mutane ba sa tunanin canza man giya sai ta fara ba da matsala, wato bayan ɓarna ta riga ta auku, sai ta ƙarasa mutuwa bayan canjin, a ce sabon mai ne ya kashe ta. Akwai kuma giyar da faibarta ta cinye har garin da ke yawo a cikin tsohon man ne ke taimaka mata ta ɗan kama. Idan aka fitar da shi gaba ɗaya sai sulɓewar ta fito fili. Irin wannan giya kwananta ya riga ya ƙare. Giyar da ke shiga daidai ba ta cutuwa da sabon mai irin nata da aka zuba daidai kima, barin ta da gajiyayyen mai ne ke kusantar da ita ga lalacewa.

Wanne ya fi, tsiyaye man ko wanke giya da na'ura?

Idan aka kwance noti aka tsiyaye, abin da ke fita bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, domin sauran yana maƙale a cikin kwambata da bututu. A giyar da ke ɗaukar lita bakwai ko takwas, lita uku zuwa huɗu ne ke zubowa. Shi ya sa man ke sake yin duhu kwana kaɗan bayan canji, abin da ke sa wasu su zargi makanike da cewa bai canza ba. Ga giyar da ta daɗe ba a taɓa ta ba, hanya mafi aminci ita ce a tsiyaye a cika, a yi tafiyar 'yan kwanaki, a maimaita har sau uku, a sauya filta idan irin wadda ake kaiwa gare ta ce ta kasko. Honda ma wannan hanya ta amince da ita, ba ta yarda da wanki da na'ura ko zuba sinadarin wanki ba. Ban ga dalilin da zai sa a tura mai da ƙarfi cikin tsohuwar giya mai datti ba, domin dattin da ya tashi yana iya toshe ƙananan bawul da ke sarrafa shigar giya.

Ba duk jan mai ɗaya ba ne? Me ya sa ake cewa sai na kamfani?

Ba ɗaya ba ne. Tun da General Motors ta fito da man Dexron a 1967 kowane kamfani ya ci gaba da tsara mai daidai da kaurin da giyarsa ke so da yadda faibarsa ke kamawa. Toyota tana da T-IV ga tsofaffin motoci da WS ga na baya, Honda ta maye gurbin Z1 da DW-1, Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV, Ford tana da Mercon V da Mercon LV waɗanda ba a musanya su. Galan mai rubutun Dexron III da ake samu a kowane shago ya dace da tsofaffin motoci da yawa, amma ya fi WS da DW-1 kauri, kuma zuba shi a giyar da ba tasa ba yana kawo karkarwa da shiga da duka. Mafi muni shi ne zuba man otomatik na yau da kullum a giyar CVT, wadda ke aiki da bel ɗin ƙarfe. Bel ɗin zai sulɓe ya ƙarce abin da yake gudu a kai. Sunan man yakan kasance a rubuce a jikin sandar awo ko a littafin mota. Da yake jabun mai yana yawo a kasuwa, a saya daga dillalin da aka sani, a kuma duba hatimin murfi kafin a buɗe.

Man ja ne garau, amma giya tana fizga ko ta tsaya a hawa ɗaya. Me ya faru?

Kyakkyawan launi ba ya wanke giya daga zargi. Giyar zamani kwamfuta ce ke sarrafa ta, kuma lalacewar sensa mai auna gudu, ko solinoyid mai buɗewa da rufe hanyar mai, ko waya da ɓera ya ci, ko ma raunin batir, duk suna iya sa ta tsaya a giya ta biyu ko ta uku domin kare kanta. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II da ake sa wa kwamfuta. Lambar P0700 tana nuna cewa kwamfutar giya ta ga matsala ne kawai, sai an shiga ciki a ga ainihin lambar: P0715 ta sensar gudun shiga ce, P0730 tana nuna giya ba ta ba da gudun da ya kamata, P0741 ta kulochin kwambata ce, P0218 kuma zafin giya ne. Kada a yarda a sauke giya kafin a karanta waɗannan lambobi, domin an sha sauya giya sukutum a kan matsalar sensa ko ta injin da ke tsallake wuta.

Na ga ɗigon ja a ƙarƙashin mota. Daga giya yake?

Ba lallai ba ne. Motocin Toyota da yawa suna amfani da man otomatik a famfon sitiyari, ruwan sanyaya injinsu kuma ja ne ko ruwan hoda. A shimfiɗa kwali a ƙasa da dare a ga inda ɗigon ke sauka, a taɓa shi: ruwan lagireto ba shi da maiƙo sosai, man giya kuwa yana da santsi. Wuraren da giya ta fi yoyo su ne gaskit ɗin kasko, da sil ɗin da shaf ke shiga, da bakin tiyon da ke zuwa lagireto, da sil ɗin gaba tsakanin inji da giya, wanda gyaransa sai an sauke giyar.

Zan sayi mota ko giya ta hannu. Me zan duba?

A mota, a duba man kafin gwaji da bayansa. Sabon mai fes a tsohuwar motar da ba ta da takardar gyara yana iya zama alamar kula, yana kuma iya zama an canza shi ne don a ɓoye ƙauri, saboda haka gwajin ya ɗauki aƙalla minti ashirin, giya ta yi zafi, ta bi kowane hawa, a gwada R sau da dama, sannan a sake shinshina man a buɗe murfin lagireto bayan ya huce. A giyar da aka ciro daga wata mota, irin wadda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tabbatar lambarta ta yi daidai da ta motar, a tsiyayo ragowar man da ke ciki a gani, a kwance kasko idan mai sayarwa ya yarda, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Kafin a ɗora ta a wanke bututun sanyaya mai ko a sauya lagireto, domin garin faiba da ɓurɓushin ƙarfen tsohuwar giyar suna nan a ciki, kuma da an tada injin za su wuce kai tsaye cikin wadda aka saya.